Kafin ka ce na'ura ta mutu, ka binciki wutar da take ci

Zancenmu na wannan mako ya samo asali ne daga wani shagon buga takardu da ke Birnin Ƙonni, inda lalura ta kai ni cikin watan Afrilu na 2024, lokacin da zafin bazara ke hana mutum sakat tun da hantsi. Ɗan ƙanena ne ke neman shiga wata jarrabawa, kuma dole takardunsa su isa Tawa washegari kafin a tashi daga aiki. Na iske mai shagon, dattijo ne, ya yi tagumi. Ya ce kwana biyu ke nan injin buga takarda ya ƙi aiki: da an ba shi umurni sai ya yi gurnani, kwamfuta ta ɗauke gaba ɗaya, idan an sake tayar da ita kuma sai ta ce ba ta ga injin ba. Har ya haɗa kuɗi zai tsallaka iyaka ya tafi Sakkwato sayen sabo.

Muna nan sai ga wani saurayi mai gyara da aka aika kira. Bai taɓa injin ba. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin tebur, ya ɗago ya ce: "Baba, wane ne ya haɗa muku waɗannan wayoyi?" Ashe kwamfuta da allonta da injin bugawa, har da ƙaramar fanka, duk suna rataye jikin akwatin ajiyar wuta guda ɗaya, wanda ma'aikatan biro ke ce wa ondilar. Ya zare wayar injin ya kai ta ga regilatar da ke jikin bango, ya share takardun da suka maƙale cikin jerin jira, ya sake tayar da kwamfuta. Ba a yi minti goma ba takardun yaron suka fito.

Dalilin abin ya cancanci a tsaya a kansa, domin kuskure ne da ake yi a biro da yawa. Injin bugawa irin na laza, wato mai aiki da garin tawada, yana da wani abin ɗumamawa a cikinsa da ke narkar da garin ya manne wa takarda, kuma zafinsa kan kusanci awo 200. A lokacin da yake ɗumama kansa yakan ja wuta mai yawa, ɗaruruwan wat, wani ma ya kusa dubu. Shi kuwa ƙaramin ondilar mai lamba 650 VA, wanda ya fi yawa a kasuwanninmu, abin da yake iya ɗauka bai kai wat 400 ba. An ɗora wa jaki kayan raƙumi ke nan. Masu ƙera ondilar da kansu suna hana a haɗa masa injin laza. Injin mai tawadar ruwa ba ya da wannan matsala, domin cinsa kaɗan ne.

Mai shagon ya yi tambayar da ta dace: to me ya sa haɗin ya yi fiye da shekara yana tafiya, sai yanzu ya tubure? Amsar tana cikin halin wutarmu. Yankin Maradi da Damagaram da Tawa ya daɗe yana dogara ga layin da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa, ko da yake tun watan Nuwamba na 2018 akwai tashar hasken rana ta Malbaza mai ƙarfin megawat 7, wadda ita ce ta farko irinta a Nijar. A watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli da takunkumin ƙungiyar CEDEAO, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, ba ta maido ta ba sai a watan Maris na 2024. Cikin waɗannan watanni ɗaukewar wuta ta zama abin kullum, kuma mutane da yawa sun mai da ondilar tamkar gurup, suna aiki da shi har sai ya yi shiru don kansa.

To batirin da ke cikinsa na darma ne, galibi mai bolt 12, kuma abu biyu ke cin ransa: a riƙa tatse shi ƙarƙaf, da zafi. An ƙera shi ne domin ɗaki mai awo 20 zuwa 25, kuma duk ƙarin awo goma bisa haka yana rage kwanansa da kusan rabi. Sai mai karatu ya auna da kansa abin da ɗakin kwano ke yi masa a Ƙonni cikin watan Mayu. Ga shi kuma a bazara, da kowa ya kunna fanka da firji, ƙarfin wutar NIGELEC da ya kamata ya tsaya kan bolt 220 yakan sauka, sai ondilar ya yi ta komawa kan batir ko da ba a ɗauke wuta ba. Kukan nan da yake yi jefi-jefi alama ce. Idan batirin ya tsufa, injin bugawa kuma ya ja nasa kason a daidai lokacin, komai sai ya faɗi tare.

Gwajin ba wuya: a rufe duk wani aiki mai muhimmanci, a bar kwamfuta kunne, a zare wayar ondilar daga bango. Idan ta mutu nan take ko cikin minti ɗaya, batir ne za a sake, ba akwatin duka ba. A ra'ayina ma, duk wanda ya sayi ondilar ya sa a ransa cewa ƴan mintoci ya saya, na ajiye aiki da kashe na'ura cikin natsuwa.

Akwai kuma ciwo na biyu, wanda ba ruwansa da NIGELEC. Wani malamin makaranta daga Illela (tamu ta jihar Tawa nake nufi, ba wadda ke tsallaken iyaka ba) ya rubuto yana kukan cewa idan ya bar kwamfutarsa ta hannu ta ɗan huta, linzaminta da ƴar na'urar intanet da yake soka mata sai su daina amsawa, har sai ya zare ya mayar. Ya sayi linzami uku. Malam, ka bar sayen na huɗu. Windows ne da kansa ke yanke wa ƙofofin USB wuta domin tattalin batir, wasu na'urori kuma idan suka yi wannan barci ba su iya farkawa. Tun da yawancin na'urorinmu da Faransanci suke magana, ga hanyar: a buɗe Gestionnaire de périphériques, a nemi Contrôleurs de bus USB, a shiga kowane Concentrateur USB racine, a shafin Gestion de l'alimentation a cire alamar da ke ba kwamfuta izinin kashe na'urar don tattalin wuta. Batir zai ɗan rage daɗewa, amma kaɗan ne.

Wani abin da mutane ba su lura da shi ba: tun daga Windows 8 na 2012, idan ka danna Arrêter ba lalle ne na'urar ta mutu sarai ba, domin takan adana wani sashe na halin da take ciki don ta tashi da sauri. Saboda haka matsalar jiya tana iya tashi tare da ita yau. Redémarrer ne ke wanke komai ya fara daga tushe. Duk lokacin da na'ura ta ɓace wa kwamfuta, da shi ya kamata a fara.

Ita kanta ƙofar USB wutar da take bayarwa ƙididdigagga ce. Tsohuwar, wato USB 2, miliyamfa 500 ce iyakarta. Mai shuɗin harshe, USB 3, tana kai 900. Faifan ajiya na waje da ke juyawa yakan buƙaci fiye da abin da tsohuwar ke iyawa lokacin tashi, shi ya sa za ka ji yana ƙyas-ƙyas ba ya buɗewa. A nan ne ake asarar takardun shekaru, domin faifan da wuta ke yanke masa yana cikin rubutu yakan lalace. A kai shi ƙofar baya ta kwamfutar tebur, da gajeren wayarsa na asali, kada a bi da shi ta ƴan akwatunan nan masu raba ƙofa ɗaya zuwa huɗu, sai fa mai wayar wuta tasa.

Saura ƙanana, zan bi su da sauri. Kwamfutar da kullum ke tashi da kwanan wata na shekarun baya, shafukan intanet kuma su ƙi buɗewa, ƙaramin batir ne mai kamar kwabo, CR2032, ya ƙare a cikinta. Wanda ya sayi kwamfutar tebur ta gwanjo ya duba bayanta kafin ya soka: wasu tsofaffi suna da ɗan jan maɓalli mai 115 da 230, idan yana kan 115 irin na Amurka, ƙara ɗaya za a ji sai hayaƙi. Ƙurar hunturu, balle ga maƙwabtan masana'antar siminti ta Malbaza, tana toshe fankar ciki, na'ura ta yi zafi ta kashe kanta don tsira. A buɗe a hure ta ko sau biyu a shekara. Idan kuma jikin ƙarfen na'ura yana ɗan jan hannu, ginin ne ba ya da wayar ƙasa mai kyau, aikin mai gyaran wuta ne.

Takardun ɗan ƙanena sun kama motar asuba. Da na sake bi ta shagon bayan sallar layya, na iske tsohon injin na nan yana aiki, ondilar kuma an ɗaga shi daga ƙasa an aza bisa bulo biyu kusa da taga, da sabon batir a cikinsa.