Hanyar Zuwa Wata Daga Aji Take Farawa

'Yan uwa malamai da iyalanmu,

A ranar 23 ga Agusta, 2023, kumbon Indiya mai suna Chandrayaan-3 ya sauka lafiya a yankin kudancin duniyar wata, babu ɗan Adam a cikinsa, sai na'urori da 'yar mota mai binciken ƙasa. Da haka Indiya ta zama ta huɗu da ta yi wannan bajinta, bayan Tarayyar Sobiyet da Amurka da Sin. A 2019 kumbonta ya tarwatse gab da sauka, amma ba ta karaya ba. Ta gyara kuskurenta, ta koma.

Na ji ana cewa, ina ruwan manomin shinkafa na fadamar Haɗejiya da wata? Tambayar tana da nauyi, musamman a bakin wanda ambaliyar 2020 da ta 2022 suka cinye wa gona. Sai dai ilimin da ya sauke kumbo a wata, shi ne ke ɗaga tauraron ɗan Adam wanda zai hango ruwa tun daga madatsun Tiga da Challawa, ya nuna inda kacala ta toshe hanyar kogi, a gargaɗi mutane kafin ruwa ya iso.

Nijeriya ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Ta kafa hukumar NASRDA a 1999, aka harba mata NigeriaSat-1 a 2003, ta kuma sa hannu kan yarjejeniyar Artemis ta binciken wata a 2022. Amma sa hannu ba ya haifar da injiniya. A aji ake renonsa. Ɗalibin da ya gama sakandare bai taɓa yin gwaji da hannunsa ba, an zalunce shi, an zalunci ƙasa.

Don haka ya kamata reshenmu ya tsaya kai da fata wajen neman ɗakunan gwaji masu kayan aiki, da ƙarin malaman kimiyya da lissafi, da cike gurbin darussan da ambaliya ke cinyewa. Mu kuma kada mu naɗe hannu. Gwangwani da rula sun isa yara su auna ruwan sama, su rubuta shi kullum har damina ta wuce. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Yarinyar da ta iya auna ruwan garinsu yau, ita za ta auna nisan wata gobe. Allah Ya sa mu ga wannan rana.