Ra'ayinmu: Waƙa haja ce, tana da mai ita

Duk wanda ya saba cin kasuwannin kan iyaka, daga Malanbil da Gaya zuwa Birnin Ƙonni da Illela, daga Jibiya da Maigatari har Kusuri, ya san akwai wata haja da ba ta tsayawa a shingen duwan, ba a kuma tambayar takardarta. Wannan haja ita ce waƙa. A da rediyo ke kawo ta, mai kaset ya sayar, direba ya tsallaka da ita. Yau kuwa a cikin waya da memori take yawo. Muna jin ta a rumfa, muna jin ta a tasha, wasunmu ma da ita suke ciyar da iyali, amma ba kasafai muke tambayar inda mai ita ya fito da irin wuyar da ya sha kafin muryarsa ta iso gare mu ba. Wannan jarida na ganin tambayar ta shafi 'yan kasuwa kai tsaye, domin amsarta na nuna akwai haƙƙi a wuyanmu.

Mu fara da Prince Nico Mbarga, wanda shi kansa ɗan kan iyaka ne. An haife shi a Abakaliki ta Nijeriya a 1950, uwarsa 'yar Nijeriya, ubansa ɗan Kamaru. Uban ya rasu tun yana yaro, uwar ce ta ci gaba da ɗawainiyarsu da aikin gona. Da yaƙin basasar Nijeriya ya ɓarke a 1967, sai ya tsallaka zuwa Mamfe a Kamaru, inda ya zama yaron wasu makaɗa masu kiɗan Kwango, yana ɗaukar musu kaya. A nan ya koyi ganga da jita. Bayan yaƙi ya koma Nijeriya ya zauna a Anaca, garin da kowane ɗan kasuwa ya sani, ya kafa ƙungiyarsa mai suna Rocafil Jazz. Kamfanin EMI ya fitar masa da faifai a 1973, amma da ya kai musu waƙarsa ta yabon uwa, wato Sweet Mother, sai suka ƙi karɓa. Wani ƙaramin kamfani na nan Anaca, Rogers All Stars, shi ya yi kasadar fitar da ita a 1976. An ƙiyasta cewa faifan ya sayu har miliyan 13, kuma a 2004 masu sauraron BBC suka zaɓe ta a matsayin waƙar da Afirka ta fi so. Da Turancin buroka ya rera ta, yaren kasuwa da tasha, shi ya sa ta shiga inda Turancin makaranta ba ya shiga. Ya gina otal a Ikom kusa da iyakar Kamaru, amma abin da ya zo hannunsa bai kama ƙafar abin da waƙar ta tara wa wasu ba. A 1997 ya rasu a haɗarin babur a Kalaba.

Labarin Oumou Sangaré ta Mali ya fi kusa da abin da muke gani kullum a bakin rumfunanmu. An haife ta a Bamako a 1968. Tana ƙarama ubanta ya bar gidan, ya bar uwarta, wadda mawaƙiyar biki ce, da 'ya'ya. Yarinyar ta yi tallar ruwa a titi, ta riƙa bin uwarta gidajen suna da na aure tana amshi, har ta kai ita kaɗai ke zuwa ta samo abin cefane. Tana da shekara 16 ta bi wata ƙungiyar makaɗa zuwa ƙasashen waje. A 1989 ta je Abijan ta ɗauki kaset ɗinta na farko, Moussolou, ma'ana mata, wanda ya yi magana a kan auren dole da halin da mata ke ciki. An sayar da fiye da dubu 200 ta hanyar halal, ban da waɗanda aka kwafa a ɓoye. Ita Allah ya taimake ta, ta juya sunanta ya zama jari, ta gina otal a Bamako, ta shiga harkokin kasuwanci. Sai dai irinta ba su da yawa.

A Nijar muna da Yacouba Moumouni, wanda aka fi sani da Denke-Denke. An haife shi a 1966 a yankin Tera. Bayan rasuwar ubansa, yana ɗan kimanin shekara 10, ya kama hanyar Yamai, ya yi kwanan titi, kafin wata mawaƙiya, Absatou Danté, ta ɗauke shi aikin gida. A wannan gida ya koyi busa sarewa, daga nan ya shiga ƙungiyar raye-rayen gargajiya ta ƙasa, ya kuma ratsa ta cibiyar koyar da kiɗa ta Yamai mai ɗauke da sunan Alhaji Taya. A 1995 ya kafa ƙungiyar Mamar Kassey, a 1999 kuma faifansu na farko ya fito. Wannan cibiya ta taimaki mawaƙa da dama na wancan zamani, lokacin da su Sa'adu Bori da Moussa Poussy suka fitar da faifansu na haɗin gwiwa a 1994, wanda ya kai waƙar zamani ta Hausa da Zabarmanci kasuwannin waje. Haka a Nijeriya, Adamu Ɗanmaraya Jos, wanda aka haifa a Bukuru a 1946, sunansa kaɗai ya isa labari: iyayensa sun rasu yana jariri, Sarkin Hausawan Bukuru ya riƙe shi, ya ɗauki kuntigi ya yi wa karen mota waƙa tun ba a ganin karen mota da daraja.

Idan aka jera waɗannan labarai za a ga abu guda. Yaron makaɗa mai ɗaukar kaya, 'yar talla, yaron gida, maraya. Babu wanda ya gaji jari a cikinsu. Kowannensu ya yi shekaru yana bauta kafin waƙa guda ta ɗaga shi, kamar yadda yaron shago ke shekara bakwai ko goma yana shara da ɗaurin kaya kafin maigida ya sallame shi. Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin wannan hanya, domin ita ya bi. Waƙar minti biyar da muke ji a rediyo ita ce sallamar mawaƙi, ita ce jarinsa, wani lokaci ma ita kaɗai zai samu a rayuwarsa.

To, yaya aka yi waƙar da aka ɗauka a Anaca ko Abijan ta isa Ɗan Isa da Magarya? Hanya biyu ce. Ta farko rediyo. Tashar Africa No 1 da ta fara watsa shiri daga Gabon a 1981 ta riƙa kaiwa ko'ina a gajeren zango, ga Muryar Sahel, ga Rediyon Kaduna da ake kamawa har bayan iyaka, sannan daga shekarun 1990 tashoshin FM masu zaman kansu suka bazu a garuruwanmu. Rediyo ke sa mutum ya ji waƙa ya so ta. Hanya ta biyu kuwa mu ne. Fatake masu zuwa Kwatano da Lome da Anaca su suka riƙa sako kaset a cikin kwalin kaya, masu rumfa suka kunna da ƙarfi don jan masu saye, direbobi suka ƙarasa da shi ƙauyuka. Ba don 'yan kasuwa ba, da yawa daga cikin waɗannan mawaƙa da ba su wuce garuruwansu ba. Wannan abin alfahari ne, kuma ba ma jin nauyin faɗarsa.

Amma gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata. Hannun da ya yaɗa waƙar shi ne kuma ya yanke wa mai ita rabonsa. A zamanin kaset, mutum kan sayi na asali guda, ya ajiye injin kwafi a bayan rumfa, ya cika kasuwa da ɗaruruwa a rabin kuɗi. Wasu ma daga ƙasashen waje ake buga musu na jabu a shigo da su cikin kwantena. Abin ya kai ga a 2005 manyan kamfanonin kaset biyu na Mali, Mali K7 da Seydoni, suka rufe ƙofofinsu na ɗan lokaci saboda satar fasaha ta hana su numfashi. Da kaset ya wuce, CD ya zo, shi ma ya wuce, sai sana'ar ta koma hannun masu kwamfuta da ke tura ɗaruruwan waƙoƙi a memori kan kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba. Kayan aiki sun sauya, ɗabi'ar tana nan. Mai tura waƙa ya samu, mai sayar da memori ya samu, mai karɓar kuɗin rumfa ya samu, wanda ya yi waƙar ne kawai ba a lissafa da shi.

Mun san abin da za a ce. Wani zai ce yaran da ke tura waƙa su ma talakawa ne masu neman na tuwo, kuma haka ne. Wani zai ce kwafin ne ya sa aka san mawaƙin har ake gayyatarsa biki, kuma a wannan ma akwai ƙamshin gaskiya, tun da yau wasu matasan mawaƙa da kansu suke kai waƙa a tura kyauta don a san su. Wani kuma zai ce kaset na asali bai taɓa isowa kasuwarmu a kan lokaci ba, kuma wannan laifin kamfanoni ne da suka tsaya a manyan birane. Duk mun yarda. Sai dai akwai bambanci tsakanin wanda ya ba da kayansa kyauta da wanda aka ɗauka ba da saninsa ba. Babu ɗan kasuwar da zai yarda a kwashi atamfarsa a raba a kasuwa, sannan a ce masa ya gode tun da an tallata masa. Waɗanda kuma ke ganin kiɗa bai dace ba saboda dalilin addini, ra'ayinsu abin girmamawa ne, kuma hanyarsu a buɗe take: su bar sayar da shi. Wanda ya zaɓi ya ci riba da shi kuwa, ba shi da hujjar riƙe haƙƙin mai shi.

Kada a ce talaka ba ya iya biya. Maitre Gazonga na Cadi, wanda waƙarsa ta mahassada da ya ɗauka a Abijan a 1984 ta zagaye rediyoyin yankin nan, ya nuna akasin haka. Idan ya fita rangadi ƙauyuka, wanda ba shi da kuɗi yakan shiga kallo da dawa ko shinkafa ko busasshen kifi ko kaza. Motoci su kwaso kayan zuwa Injamena, a sayar da wasu a kasuwa, a raba wa iyalan makaɗa saura. Mutanen karkara sun biya da abin da suke da shi, domin sun san ba a cin guminsa a banza. Gazonga ya rasu a 2006, amma dabarar tasa darasi ce: idan aka kawo hanyar biya daidai ƙarfin mutane, za su biya.

Saboda haka muna kira ga shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da sarakunan kasuwa da su ɗauki wannan magana a matsayin tasu. Doka tana nan. Nijar na da ofishin kare haƙƙin mawallafa da mawaƙa, wato BNDA, tun shekarun 1990, Nijeriya ta sabunta dokarta ta haƙƙin mallaka a 2023, Kamaru da Cadi da Benin ma kowace na da tata hukumar. Abin da ya rage shi ne tsarin da zai yi aiki a ƙasa. Masu tura waƙa a kowace kasuwa su haɗu su yi ƙungiya, su zauna da hukuma a yanka musu wani abu sassauƙa da za su riƙa biya a wata, a ba su takardar shaida. Wannan ya fi musu kwanciyar hankali a kan samame da ƙwace kwamfuta. Su kuma hukumomin, wajibi ne su riƙa bayyana abin da suka tara da wanda suka ba, domin ɗan kasuwa ba ya zuba kuɗi a rijiyar da bai ga ƙasanta ba.

Gidajen rediyo ma da nasu. Su biya kason da doka ta ɗora musu, kuma mai gabatar da shiri ya riƙa faɗin sunan mawaƙi da garinsu duk lokacin da ya sa waƙa, domin suna shi ne matakin farko na haƙƙi. Attajiranmu kuwa su tuna cewa ƙaramin kamfani a garin 'yan kasuwa ne ya karɓi waƙar da manyan kamfanoni suka raina. Wanda ke da hali yana iya ɗaukar nauyin ɗaukar murya ga matashi mai basira, a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu, kowa ya san kasonsa, kamar yadda ake yi a kowace harkar haɗin jari.

Daga ƙarshe, mu dubi yaran da ke kewaye da mu. 'Yar tallar ruwa da ɗan dako da yaron mota da ke wucewa ta gaban rumfa, ba dukansu za su zama mawaƙa ba, ba ma fatan haka. Amma Oumou da Yacouba da Nico daga cikin irinsu suka fito, kuma kowannensu ya samu wani babba da ya buɗe masa ƙofa. Wanda ya ga basira a wurin yaro, ta waƙa ce ko ta ɗinki ko ta lissafi, ya taimaka masa ya koya, kuma in ta yi 'ya'ya kada ya zama shi ne farkon mai cinye masa. Kasuwa ta ginu ne a kan amana da biyan haƙƙi. Allah ya ba mu ikon sauke nauyin da ke kanmu, ya sa albarka a cikin nemanmu.