Masu Gwajin Saurin Faifai, Ku Sa Ɗaukewar Wuta A Lissafi

Matasanmu masu kula da sabar Linux sun kamu da son sauri. Mutum zai gwada yanayin rubutu uku na tsarin fayil ɗin ext4, ya ga writeback ya ɗan yi gaba, nan take ya sauya saitin sabar da ke riƙe da lissafin kantin magani ko sakamakon jarrabawar ɗalibai. A ganina wannan ganganci ne, musamman a wurinmu da wuta ke ɗaukewa ba sallama, janareta kuma ba ya tashi nan take.

Tun daga ext3, wanda Stephen Tweedie ya jagoranci aikinsa har ya shiga Linux a 2001, tsarin yana da wani kundi da yake rubuta niyyarsa a ciki kafin ya aiwatar da sauyin a faifai, kamar ɗan kasuwar da ba ya fitar da buhu daga sito sai ya shigar a littafi. In kwamfuta ta mutu ana tsakiyar aiki, da ta farfaɗo sai ta duba kundin ta gyara. Magajinsa ext4, da aka tabbatar da ingancinsa a ƙarshen 2008, ya gaji wannan tsari.

A yanayin journal, komai sai ya bi ta kundin, har abin da ke cikin fayil, wato rubutu biyu kan abu ɗaya. A ordered, wanda shi ne saitin asali, bayanan fayil kawai ake sawa a kundi, irin girmansa da inda yake zaune, amma sai abin da ke cikinsa ya sauka a faifai tukuna. Shi kuwa writeback ya cire wannan sharaɗi. Kundi zai iya shaida cewa fayil ya ƙaru alhali abin da aka rubuta bai iso ba. In wuta ta ɗauke a wannan gaɓa, sai ka buɗe fayil ka tarar da tarkacen wani tsohon fayil da aka goge. Wannan ba asarar aiki kaɗai ba ce, sirrin wani ne zai iya faɗawa hannun wani. Abin da ya fi damuna ke nan.

Gwajin kansa ma yakan yaudari mai shi. Wanda ya kwafi babban fayil da manhajar dd bai tilasta fsync ba, wato umarnin da ke sauke rubutu a faifai, saurin RAM ya auna, domin Linux na tara rubutu a can kafin ya sauke. Kuma sakamako na bin irin aikin. A manyan fayiloli journal ne ke zama na baya saboda rubutu biyu, amma a ƙananan rubuce-rubucen da dole kowanne ya tabbata a faifai, irin na sabar imel, wani lokaci yakan ba da mamaki, tun da kundin a jere ake rubuta shi.

Masana ma sun ɗanɗana illar fifita sauri. A 2009, masu gwajin Ubuntu 9.04 sun riƙa tarar da fayilolin saitinsu wayam bayan kwamfuta ta tsaya cak, saboda ext4 na jinkirta ware wa fayil wuri don neman sauri. Sai da Theodore Ts'o ya shigar da gyara a Linux 2.6.30.

Writeback na da gurbinsa: fayilolin wucin gadi, ko bayanan da za a iya sake samarwa ba wahala. Amma inda kuɗin mutane ko takardunsu suke, ku bar ordered yadda kuka same shi. In dole sai kun gwada, ku samo kwamfutar da ba ta ɗauke da amanar kowa, ku sa fsync, ku zare filogi ana tsakiyar rubutu, sannan ku buɗe fayilolin ɗaya bayan ɗaya. Ku kuma masu shaguna da makarantu, ku saya wa sabarku UPS, wato batirin riƙe wuta, kafin ku nemi a ƙara mata gudu.