Gubar Masana'antun Kano: A Gwada Ƙaiƙayi Da Ɓawon Gyaɗa

Duk wanda ya bi ta bakin magudanun Challawa, Sharada ko Bompai ya san launin ruwan da kamfanonin jimar fata ke saki, ya kuma san ɗoyinsa. Abin da ido ba ya gani shi ne kuromiyam, sinadarin da ake jeme fata da shi, da dalma da kadmiyam da ke biyo ruwan masana'antu. Waɗannan ƙarafa ba sa ruɓewa. Suna kwanciya a laka, su shiga latas da alayyafon 'yan lambu na gefen kogin Jakara, su shiga kifi, daga nan sai tukunya. Sannu a hankali suke cin ƙoda, dalma kuwa ƙwaƙwalwar yara take fara taɓawa. Ba mu manta da Zamfara ba, inda gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe yara fiye da 400 a 2010.

Masu masana'antu sun daɗe suna kukan tsadar injinan tace ruwa. To, masana sun nuna hanya mai sauƙin kuɗi. Ƙaiƙayin shinkafa, ɓawon gyaɗa, totuwar masara, tuƙar rake da 'ya'yan zogale duk suna kama ƙarfe. Ana busar da su a niƙa, ko a ƙona su zama gawayi mai ƙananan ƙofofi. Idan gurɓataccen ruwa ya ratsa, sai ƙarfen ya manne, ruwan ya wuce. Ga ƙaiƙayi nan tsibi-tsibi a bakin injinan casar shinkafa na Kura, ana cinna masa wuta a banza.

Sai dai a yi hattara. Abin da ya yi aiki a kwalbar ɗakin gwaji ba lallai ya ɗauki ruwan kamfani guda ba. Kuma ƙaiƙayin da ya sha guba shi ma ya zama guba: ba na bola ba ne, balle a kai shi gona a matsayin taki.

Muna kira ga hukumar kula da muhalli ta ƙasa (NESREA) da Ma'aikatar Muhalli ta Jihar Kano su haɗa masu jima da masanan Jami'ar Bayero da na Cibiyar Fasahar Fata ta Zariya, a kafa matatar gwaji a Challawa, a bayyana wa jama'a sakamakon. Kamfanin da ya ci gaba da sakin guba bayan haka, doka ta hau kansa.