Kafin a gina masana'antar tumatir, a fara ƙirga kwanakin gwangwani

Duk shekara idan amfanin noman rani ya shigo, tumatir kan cika kasuwannin Maraɗi, Ƙonni da Tawa har ya rasa mai saye. Mata su yanka shi su shanya ya zama kauɗa, wanda bai samu rana ba ya ruɓe a kwando. Bayan 'yan watanni kuma magidanci ya koma sayen tumatirin gwangwani da aka shigo da shi daga waje. Matasa na yawan tambaya a Facebook, musamman mazauna ƙetare masu son zuba jari a gida: me ya hana a gina masana'anta? Tambayar tana kan hanya, sai dai akwai abin da ake mantawa da shi a lissafin, wato gwangwanin kansa da kwanakin da yake ɗauka kafin ya iso.

Ana yin gwangwani ne da fallen ƙarfe mai kaurin kusan kashi ɗaya cikin biyar na milimita, wanda aka shafa wa kuza don kada ya yi tsatsa. Kafin ya kai haka sai an narkar da ƙarfen, an zuba shi ya daskare, an murza shi da zafi, an wanke shi da asid, an sake murza shi da sanyi, an gasa shi don ya yi laushi, sannan a shafa kuza da lantarki. Daga nan ne ake sa masa fenti na ciki, a buga sunan kampani a waje, a yanka, a naɗe. Kowane mataki da na'urarsa, kuma kowace na'ura da layin masu jira.

A wannan jiran ne lokaci yake salwanta. Aikin da na'ura ke yi a kan naɗin ƙarfe ɗaya na sa'o'i ne ko 'yan kwanaki, amma mai oda kan jira makonni ko watanni, domin naɗin yana zaune a ƙasa tsakanin wannan mataki da wancan, ko ana jiran a tara odar da ta yi kama da tasa kafin a canza saitin na'ura.

Manyan masana'antu sun daɗe suna yaƙi da wannan jira. A da ana jera naɗin ƙarfe a rufe cikin tanderu a gasa shi tsawon kwanaki. Yanzu a masana'antu da dama ana warware shi ya ratsa tanderu yana tafiya, cikin 'yan mintuna ya fito. A garin Andernach na Jamus, masana'antar Rasselstein ta fara shafa kuza da lantarki tun 1934, kuma har yau tana cikin mafi girma a duniya a wannan fanni. Daga Japan kuma, kampanin Toyota ya koya wa duniya cewa kayan da ke jibge suna jira kuɗi ne da aka ɗaure, kuma injiniya Shigeo Shingo ya yi suna wajen nuna yadda za a canza saitin na'ura cikin ƙasa da minti 10. Darasin da ke cikin duka shi ne a nemo inda kaya ke tsayawa a kawar da dalilin tsayuwar.

Ga ɗan Nijar, mafi tsawon tsayuwar tana kan hanya ne. Ƙasar ba ta da gaɓar teku, ba ta kuma ƙera wannan fallen ƙarfe. Daga Kwatano zuwa Yamai tafiyar kilomita kusan 1,000 ce, kuma bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanville, kaya da yawa suka koma bi ta Lome su ratsa Burkina Faso cikin ayarin motoci da rakiyar sojoji. Ko da masana'antar Jamus ko ta Sin ta rage mako guda a aikinta, ana iya asarar fiye da haka a tashar jiragen ruwa ko wajen jiran ayari. Shi kuwa tumatir ba ya jira. Kakarsa 'yan makonni ce, idan gwangwani ya makara da wata ɗaya, shekarar ta tafi.

Wasu za su ce maganin shi ne ƙasa ta gina masana'antar ƙarfe tata. Su dubi maƙwabta. An kafa masana'antar Ajaokuta a Najeriya a ƙarshen shekarun 1970 da taimakon Tarayyar Sobiyet, kuma har yanzu ba ta yi aikin da aka gina ta dominsa ba. Ko Birtaniya da ta daɗe a harkar, a 2024 kampanin Tata ya kashe manyan tanderunsa na Port Talbot, masana'antar fallen gwangwani ta Trostre ta koma dogaro da ƙarfen da ake shigowa da shi. Abin da ya gagari waɗannan ba shi ne ya kamata ya zama matakin farko na Nijar ba.

Akwai abubuwan da ake iya yi yanzu ba tare da biliyoyi ba. Na farko, masu sarrafa tumatir, madara da man gyaɗa su amince da girman gwangwani iri biyu ko uku kacal, domin kowane sabon girma na nufin sabuwar oda da sabon jira. Na biyu, su haɗa odarsu ta hanyar ƙungiya ko majalisar 'yan kasuwa, saboda mai ƙaramar oda shi ake turawa ƙarshen layi. Na uku, a shigo da fallen ƙarfe marar rubutu a ajiye shi a Maraɗi ko Yamai, a bar naɗewa da liƙa suna zuwa lokacin da aka san yawan amfanin da aka samu. Fallen ƙarfe a shimfiɗe ba ya cin wuri, amma motar da ta ɗauko gwangwanin da babu komai a ciki iska ta ɗauko. Na huɗu, hukumar duwan ta riƙa bayyana kwanakin da kayan masana'antu ke yi a hannunta, ta kuma ba su fifiko kafin kaka.

Gaskiya ne ajiye ƙarfe a sito yana ɗaure jari, kuma ya saɓa wa koyarwar Toyota. Amma Toyota na da masu kawo mata kaya a kusa da ƙofarta, mai masana'anta a Tawa kuwa nasa suna bayan teku da iyakoki biyu. A irin wannan hali, ajiyar da aka yi da lissafi ita ce hanyar taƙaita jira, kuma nan ne bankuna ya kamata su shigo da bashin da ya dace da zagayen kaka. Gaskiya ne kuma ana iya zuba tumatir a leda ko kwalba, sai dai su ma daga waje ake kawo mafi yawan kayan yin su, ta hanya guda.

Matashin da ke tara kuɗi a Abijan, Aljeriya ko Faransa da burin buɗe masana'anta a gida, kafin ya tambayi farashin inji, ya fara tambayar mai sayar da fallen ƙarfe kwana nawa ne daga oda zuwa ƙofar sito. Idan amsar ta fi kakar tumatir tsawo, to a watan da ake shuka ya kamata odarsa ta riga ta kama hanya.