Baraj ɗin Kandaji: tsakanin mai aiki da ɗan kwangila, wa ke sa ido?

Tun a shekarar 2008 marigayi shugaba Tandja Mamadou ya aza harsashin baraj ɗin Kandaji a jihar Tillaberi, kimanin kilomita 180 daga Yamai. Alƙawarin da aka yi wa ƴan ƙasa babba ne: megawat 130 na wutar lantarki, noman rani a kan hekta dubu 45, da ruwan da zai hana kogin Isa ƙafewa a lokacin bazara. Yaron da aka haifa a waccan shekara yau ya isa riƙe garma, amma baraj bai tare ruwa ba tukuna.

An fara bai wa wani kamfanin ƙasar Rasha aikin, aka soke kwangilar a 2013 saboda aiki ya ƙi gaba. A watan Maris na 2019 shugaba Issoufou Mahamadou ya sake ƙaddamar da shi, wannan karon a hannun kamfanin Gezhouba na ƙasar Sin. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, masu ba da rance suka dakatar da kuɗinsu, kamfanin kuma ya tsayar da aiki a watan Agusta. A cikin wannan watan ne Najeriya ta yanke mana wuta, wadda a lokacin ita ce ke ba mu kusan kashi 70 cikin 100 na abin da muke sha.

In ana hirar nan a fada, kan ɗan kwangila ko kan Bankin Duniya ake ɗora laifi. Akwai ɓangare na uku da ba a cika ambato ba. Kowane babban aiki yana da mai shi, a nan gwamnati ta hannun hukumar ABK. Yana da mai ginawa. Sannan akwai ofishin injiniyoyi masu sa ido, wanda ma'aikata ke kira biro na kwantarol. Su ba sa ɗaukar tubali. Aikinsu shi ne su riƙe jadawali, su auna abin da aka gina a kowane wata, su ɗebi kankare a kai ɗakin gwaji a matse shi bayan kwana 28, kuma sai sun sa hannu a takarda kafin a biya ɗan kwangila ko dala. In wannan kujera ta yi rauni, sai an ci shekaru kafin a gane cewa aiki na tafiyar hawainiya, kamar yadda aka gani a zagayen farko na Kandaji.

Kuma ba kankare kawai ba ne. Ba a iya cika tafkin sai an tayar da dubban iyalai, har da mutanen garin Ayoru, an biya su diyya, an gina musu gidaje, makarantu da rijiyoyi, an ba su gonaki. Ko da bango ya ƙare gobe, in wannan ɓangaren na baya, ruwa ba zai taru ba. Haɗa waɗannan ayyuka su tafi tare, da kuɗin da ke fitowa daga bankuna daban-daban kowanne da sharuɗɗansa, shi ne ainihin wahalar. Layin dogon Yamai zuwa Doso ya nuna mana ɗayan gefen: an shimfiɗa ƙarfe, an yi biki a 2016, aka bar shi ba jirgi.

Abin da ya kamata a lura da shi yanzu shi ne, galibi mai ba da rance ne ke tilasta a ɗauki masu sa ido, kuma shi ke biyan su. In hukumomi suka ce za mu yi da kuɗinmu, jarabar farko ita ce a rage wannan kuɗin, tunda ba ya fitowa a hoto ranar yanke ƙyalle. A ganina nan ne bai kamata a yi tsimi ba. Makarantar EMIG ta Yamai da jami'o'inmu na yaye injiniyoyi. Sai dai a ba su kujerar da ikon cewa a'a, kuma kada albashinsu ya fito daga aljihun wanda suke bincika.

Ku ma ƴan uwa da ke Legas, Abijan ko Agadas, masu haɗa kuɗi a yi wa gari aji ko foraj, tsarin ɗaya ne, ƙarami ne kawai. Kada a miƙa wa magini kuɗin duka a rana guda. A raba su daidai da matakan aiki, a nemi ma'aikacin gine-gine na ofishin magajin gari ko na gunduma ya duba kafin kowane biya, a kuma riƙe wani kaso har damina ɗaya ta wuce a kan rufin. A kwangilar gwamnati ma haka doka ta tanada: ana karɓar aiki na wucin gadi, sai bayan wa'adin lamuni a yi karɓa ta ƙarshe a saki sauran kuɗin.