Ƙarfin kariya ba ƙarfin mota ba ne

Akwai maganar da ta zauna daram a tashoshinmu, daga Madawa har Keita, kowa na faɗinta kamar doka: mota ba ta cika. Ciki ya cika, amma sama kullum da sauran wuri. Wannan magana ce mai sabuwar mota yake ɗauka ya nufi wurin mai walda tun bai sauya mata baƙin mai ba: "Maigida, a yi mini kariya mai ƙarfi, wadda za ta ɗauki komai." Sai a kawo ƙarfen kwana mai kauri, a shimfiɗa shi daga goshin mota har ƙeyarta, a tayar masa da shinge, a manna tsani a baya. Mai mota ya hau ya yi tsalle a kai, bai ji ta motsa ba, ya sauko yana murmushi. A ganinsa ya iya zaɓe.

Ni kuwa ina ganin ya sayi abin da zai riƙa yi masa ƙarya kowace safiya. Tsallen da ya yi ya gwada aikin mai walda ne kawai. Bai gwada rufin da aka ɗora ƙarfen a kai ba, bai gwada ginshiƙan da ke tsakanin tagogi ba, balle taya da birki da sifirin. Kariya mai rauni takan lanƙwashe ta gargaɗi mai ita. Mai ƙarfi ba ta gargaɗi. Za ta riƙe babur da buhunan albasa da katifa da akuya ba ta ce uffan ba, har ranar da motar za ta kwanta da su gaba ɗaya, a ɗaga ta a tarar kariyar lafiyarta lau.

A ƙasashen da hawan keke kan duwatsu ya zama wasan ƙarshen mako, zaɓen abin ɗaukar keke a mota babban zance ne, har kamfanoni suna rayuwa a kansa. Thule na ƙasar Suwidin, wanda aka kafa a 1942, da irin wannan sana'a ya yi suna. Iri uku ne suka fi yawa: na kan rufi, na ratayawa a ƙofar baya da maɗauri, da na ɗorawa kan ƙugiyar jan tirela. Abin da ya kamata mu lura da shi shi ne tambayar da mai saye ke fara yi. Ba ya tambayar keke nawa abin zai ɗauka sai ya buɗe littafin motarsa ya ga nauyin da masu ƙera ta suka yarda a ɗora a rufi. A yawancin ƙananan motoci adadin yana tsakanin kilo 50 da 100, kuma 75 ne aka fi gani. A cikin wannan adadi har da nauyin ita kanta kariyar. Keken hawan dutse ɗaya kuwa bai cika wuce kilo 15 ba. Wato mutum na lissafi a kan kekuna biyu ko uku, a kan kwalta mai santsi, da taya sabuwa.

To mu fa? Babur irin Kasea da ya cika garuruwanmu ya haura kilo 100. Buhun albasa mai hula, irin na kwarin Tarka, shi ma ya haura 100. Babur ɗaya da buhu biyu sun wuce kilo 300 ke nan, ba a sa ƙarfen kariya ba, ba a sa jarkoki da buhun gero ba, ba a sa karen motar da zai haye can ƙoli ya zauna ba. Motar aiki irin Hiace ta fi ƙaramar mota ƙarfin rufi, gaskiya ne, amma ba wanda ya ƙera ta da niyyar a ɗora mata rabin tan a kai. Kuma nauyin da aka auna a tsaye ba shi ne nauyin tafiya ba. Duk ramin da taya ta faɗa, kayan sama sukan ɗaga su dawo da duka, rufi ya karɓi ninkin abin da aka ɗora masa. A yi haka sau dubu tsakanin Buza da Tabotaki, sai a fara ganin tsaga a gefen rufi, gilashin gaba ya fashe ba tare da dutse ya taɓa shi ba, ƙofa ta daina rufuwa sai an buga.

Wannan duk asarar dukiya ce, mai sauƙi. Babbar matsalar tana wurin da nauyin ya zauna. Mai jaki a Adar ba ya tara kaya a tsakiyar gadon bayan dabbarsa su yi tsiri. Mangala yake sawa, nauyi ya rataya ƙasa-ƙasa hagu da dama, don ya san jaki zai bi gangare. Abin da ke hana mota kifewa abu biyu ne: faɗin da ke tsakanin tayoyin hagu da na dama, da kusancin nauyinta da ƙasa. Faɗin ba ya sauyawa, yadda aka ƙera ta haka take. Tsayin nauyin kuwa a hannun mai lodi yake. Duk kilon da aka ɗora a tsayin mita biyu yana jan cibiyar nauyin motar sama, kuma da zarar ta yi sama, karkacewar da mota za ta jure kafin tayoyin gefe ɗaya su bar ƙasa sai ta ragu. Direba ba zai ji komai ba a miƙaƙƙiyar hanya. Zai ji ne ranar da saniya ta faɗo masa ya murɗa sitiyari da sauri, ko tayar baya ta fashe.

Ba hasashe ba ne. A 2001 hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka ta fitar da gargaɗi a kan motocin fasinja masu kujera 15, 'yan uwan Hiace ɗinmu a siffa. Ta gano cewa idan mutum 10 ko fiye suna ciki, yawan kifewarsu a haɗari ya kusa ninka na marasa cika sau uku, saboda nauyin mutane kaɗai yana ɗaga cibiyar ya kuma tura ta baya. Daga cikin shawarwarin hukumar har da cewa kada a ɗora kaya a rufin irin waɗannan motoci sam. Mu kuwa mukan zuba mutum 19 a ciki, sa'an nan mu fara ginin bene.

Kuma a wace ƙasa? Da a shimfiɗaɗɗen fili muke da sai a ce da sauƙi. Adar tudun dutse ce da kwari. Wanda ya bi hanya daga Madawa zuwa Buza, ya wuce Keita da Tamaske ya nufi Tawa, ya san hawa da gangara, ya san inda hanya ke saukowa daga faƙo tana murɗewa. Zaizayar da ta sa aka kawo babban aikin raya karkara na Keita a 1984, da kuɗin Italiya da hannun hukumar abinci da noma ta duniya, FAO, ita ce dai ke cin gefen hanyoyin ƙauye duk damina. Korama ta yanke hanya, direba ya kauce ya gangara ta gefe, mota ta karkata, fasinjoji su yi ta salati suna jingina jiki ɗaya ɓarin. Wannan jinginar da kowa ke yi ba tare da an ce masa ba shaida ce cewa jikinmu ya san gaskiyar da bakinmu ke musu. Ga iskar hunturu kuma, wadda a kwarin Magiya sai da aka dasa mata layukan dogon yaro tun 1975 don a karya ƙarfinta. Mota mai tulin kaya a ka bango ce ga irin wannan iska.

Kada a ɗora wa direba laifin shi kaɗai. Fasinja ma yana da nasa kason, kuma babba. Gab da damina ko Sallah, 'yan bida na dawowa daga Abijan, daga Libiya, daga Aljeriya da Najeriya, kowa da abin da zai nuna ya yi zufa: katifa, akwati, keken yara, wani sabon babur. Ba wanda ke son kayansa su biyo shi gobe. Dole su sauka tare da shi a ƙofar gida, a gani. Direban da ya ce sama ta cika, sai a ce masa rago, a koma wurin na bayansa. Haka ake kwantar da babur a rufi da mai a tanki, rana na dukansa, man na tsiyaya a kan buhun wani, mutane na zaune a ƙasa wani ma da taba a hannu.

Keke kuwa abin tausayi. Shi ne kaya mafi sauƙin nauyi, shi ne kuma ya fi shan wuya. Ko dai a shimfiɗa shi ƙasa a danne da buhuna, ko a jefa shi can sama a ɗaure da tsohuwar robar taya. Tsofaffin kekunan ƙarfe irin Phoenix sukan jure wannan wulaƙanci. Amma waɗannan masu giya da faffaɗar taya da ake kira VTT, waɗanda ake kawowa gwanjo 'yan makaranta na rububi, ba haka suke ba. Abin sauya giya da ke rataye a ƙafar baya ɗan siririn ƙarfe ne ke riƙe da shi. Buhu ɗaya ya hau kansa ya lanƙwashe, kuma samun madadinsa a Garhanga ko Alakai sai an sha yawo. Uba ya biya kuɗin keke, ya biya kuɗin lodi, yaro ya karɓi keken da sarƙarsa ke zamewa tun ranar farko. Alhali cire ƙafar gaba, juya kan keken ya daidaita da jikinsa, a naɗe wurin giya da kwali, a tsayar da shi a bayan kujerar ƙarshe ko a ɗaure shi shi kaɗai a gefen kariya, duk aikin minti kaɗan ne.

Na san amsar da ake bayarwa, kuma ba ta banza ba ce. Direba zai ce: "Malam, kai da alƙalami kake lissafi. Ni zan sayi mai, in kai wa mai mota balas, in sallami ɗan kamasho, in sallami hanya, kuma in dawo rabin kujeru babu kowa. Kuɗin kaya shi ne ribata." Ƙauye da yawa mota ɗaya ke zuwa musu, ita ma sai ranar kasuwa. In ba ta ɗauka ba, wa zai ɗauka? Duk wannan gaskiya ne. Amma lissafin bai cika ba. Ba a sa tayar da ta mutu kafin lokacinta, da sifirin da ya karye, da man da iska ke sha saboda tulin da ke sama, da kwanakin da mota ke yi a gareji. Waɗannan ba sa zuwa rana ɗaya, shi ya sa ba a ganinsu, kuɗin lodi kuwa a tafin hannu ake karɓarsa. In kuma da gaske ribar hanyar a kaya take ba a mutane ba, to motar ce ba ta dace da hanyar ba. Wannan aikin a-kori-kura ne, ko Hilux mai buɗaɗɗen baya, ko ƙaramar tirela da za a ja, wadda mai waldan nan da ya iya kariya zai iya ƙerawa. Manyan bas-bas irin na Rimbo da ke bin babbar hanya ta Ƙonni zuwa Maraɗi a cikinsu suke zuba kaya, ƙarƙashin ƙafafun fasinja, kuma ba don ado aka ƙera su haka ba.

Sai masu cewa haɗari ƙaddara ne. Ba mai musun ƙaddara. Amma mutumin da ke faɗin haka shi ne dai yake kulle shagonsa da kwaɗo biyu, yake zagaya motarsa yana dukan taya da ƙafa kafin ya tashi. Wurin lodi kaɗai ake tuna tawakkali, don nan ne kuɗi ke shigowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya duk shekara, kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a, alhali ita ce mafi ƙarancin motoci. Ajali bai fi son mu ba. Kuma a nan wanda mota ta kife da shi a bayan Ibohaman, tafiyar da za a yi da shi kafin a kai ga likitan ƙashi a Tawa ko Galmi ita kanta wani haɗarin ce.

Ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa, wato UEMOA, sun yi doka tun 2005 a kan nauyin manyan motocin kaya, ana hawa da su sikeli don kada su farfasa kwalta. Kwalta ta sami mai kare ta. Abin da ke bisa kawunan mutum 19 kuwa da ido ake auna shi, kuma idon wanda zai karɓi kuɗin ne. Ba sai an jira wata sabuwar doka daga Yamai ba. Sandikan direbobi na kowace tasha na iya rataya sikeli irin na 'yan hatsi a bakin wurin lodi. Mai walda na iya rubuta adadin kilo da fenti a jikin kariyar da ya ƙera, adadin da aka ɗauko daga littafin motar bayan an cire nauyin ƙarfensa, kuma ya rage mata kauri da tsayin shinge, don shinge mai tsawo gayyata ce. Hukumar kiyaye haɗurran hanya ta ANISER da jandarmomi in sun tsayar da mota suna da lambar da za su duba. Tsarin lodi kuma a juya shi: hatsi da albasa da siminti a ƙasa, tsakanin tayoyin gaba da na baya, katifa da tabarma da kwanuka da keke a sama.

Babur ba shi da wuri a rufi ko kaɗan. A zuƙe masa mai, a tsayar da shi a bayan buɗaɗɗiyar mota, a ɗaure ta kusurwa huɗu da igiya ta gaske. In babu irin wannan mota ranar, mai shi ya saya masa lita biyu a Madawa ya hau abinsa zuwa gida, kayansa su biyo shi a mota.